Shekarar Kyauta a Lakros Ɗin Jami'o'in Amurka: Wa Ya Ci, Wa Ya Biya?

A ranar 12 ga Maris 2020, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ta soke duk gasannin da suka rage na wannan zango saboda annobar korona. 'Yan wasan lakros ba su fi mako shida da fara kakarsu ba, wasu wasa biyar suka buga, wasu shida ko bakwai. Bayan kwana goma sha takwas, a ranar 30 ga Maris, hukumar ta ce wannan kakar ba za ta shiga lissafi ba, duk wanda ke cikin ƙungiya a lokacin an ƙara masa shekara guda. Kowa ya yaba, kuma ya cancanci yabo, domin yaron da ya kwashe shekara uku yana jiran tasa ranar bai yi laifin komai ba da za a ce ya tattara ya tafi haka nan. Amma hukumar ba ta ƙara ko gurbi ɗaya a cikin fili ba. Shekara ta bayar, ita kuwa shekarar nan sai da aka zare ta daga aljihun wani.

Lakros ba wasan da muka saba gani ba ne, don haka bari in ɗan shimfiɗa tabarma. Asalinsa wasan 'yan asalin Arewacin Amurka ne, musamman al'ummar Haudenosaunee, tun kafin zuwan Turawa. Ana buga shi da sanda mai 'yar raga a baki, da ita ake cafe ƙwallon roba, a ruga da ita, a wurga wa abokin wasa ko a narka a raga. A wasan maza kowane ɓangare mutum goma ne: uku a gaba, uku a tsakiya, uku a baya, da mai tsaron raga. Na mata goma sha biyu ne. Za a buga wani gajeren nau'insa na mutum shida a gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028. Sai dai har gobe ƙololuwar wasan a idon masoyansa ita ce gasar jami'o'i, wadda ake farawa cikin sanyin Fabrairu a kammala a ƙarshen Mayu. Akwai gasar ƙwararru ta PLL da aka fara a 2019, amma albashinta bai kai mutum ya dogara da shi kaɗai ba, shi ya sa yawancin 'yan wasanta ke da wata sana'ar. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tsohuwar doka mai sauƙi ce. Daga ranar da ɗalibi ya shiga jami'a agogo ya fara bugawa: yana da shekara biyar ya buga kaka huɗu. Shekara ta biyar ɗin tanadi ce don rauni ko don wanda koci ya ajiye ya ƙara ƙwari. A bisa wannan lissafi kowace ƙungiya ke numfashi. Duk shekara kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan wasa su kammala su tafi, sababbi goma ko goma sha biyu su shigo daga sakandare. Ƙofar fita da ƙofar shiga faɗinsu ɗaya.

Sai batun kuɗi, wanda nan ne gizo ke saƙar. Kafin 2025, doka ta ƙayyade wa kowace ƙungiyar lakros ta maza a rukuni na ɗaya, wato mafi girma a rukunonin NCAA uku, tallafin karatu 12.6 kacal, ta mata 12. Ba wai mutum goma sha biyu ake ba ba. Kuɗin cikakken tallafi goma sha biyu da ɗigo shida ne ake yayyankawa a raba wa mutum arba'in da wani abu, wannan ya samu rabi, wancan rubu'i, wani kuɗin littattafai kawai, wani ko sisi. Kuma manyan makarantun wannan wasa, irin su Duke da Notre Dame da Georgetown, karatu da masauki a cikinsu ya haura dala dubu 80 a shekara. Ma'ana yawancin 'yan lakros iyayensu ne ke biyan mafi yawan kuɗin. Wannan ya bambanta shi da ƙwallon kwando ko ƙwallon Amurka, inda ɗan wasa kan samu cikakken tallafi.

To da aka ce kowa ya ƙara shekara, sai aka toshe ƙofar fita aka bar ta shiga a buɗe. Wanda ya ga yadda jami'o'inmu ke cunkushewa idan dogon yajin aiki ya cinye zango, tsofaffi ba su fita ba sababbi sun iso, ya san irin hoton. Hukumar ta yi sassauci na shekara guda: tallafin 'yan ajin ƙarshe da suka dawo a 2021 ba zai shiga cikin 12.6 ɗin nan ba, kuma makaranta na da zaɓin ta ba su daidai abin da suke samu a da, ko ƙasa da haka, ko ta hana su gaba ɗaya. Daga 2022 aka koma tsohuwar iyaka. Amma fa ba 'yan ajin ƙarshe kaɗai aka ba shekarar ba. Har ɗan aji ɗaya da ya shiga a 2019 ya samu, wanda ke nufin yana da damar bugawa har 2024. Sassauci na shekara ɗaya, cunkoso na shekara huɗu. Daga 2022 zuwa 2024 koci na raba tuwon da aka tuƙa don aji huɗu ga aji biyar.

Jerin 'yan wasa ya kumbura, ƙungiyoyi da dama suka haura mutum 50. Alhali a wasa mai zafi da wuya koci ya taɓa fiye da ashirin da 'yan kai. A wasu guraben ma abin ya fi muni. Mai tsaron raga ɗaya ne ke tsayawa. Mai kokawar ɗaukar ƙwallo a tsakiyar fili, wadda ake yi a farkon kowane zango da bayan kowace ƙwallo da aka ci, galibi mutum ɗaya ne ko biyu. 'Yan gaba uku kuwa ba a cika canza su ba. Idan gwanin mai tsaron raga ya ce zai ƙara shekara, to yaron da ya yi shekara biyu ko uku a benci yana ƙirga kwanaki, an ɗage masa ranarsa ke nan. Ko dai ya haƙura, ko ya nemi wani gida.

Neman wani gidan kuwa ya riga ya yi sauƙi. Tun ranar 15 ga Oktoba 2018 NCAA ta buɗe wata rajista a intanet ta masu son sauya sheƙa. Ɗan wasa zai sanar da makarantarsa, ita kuma dole ta shigar da sunansa, daga nan kowane koci a ƙasar na iya kiransa. A da sai ya nemi izinin makarantarsa kafin wani ya yi masa magana, kuma koci na iya cewa ban yarda ka je makaranta kaza ba. Lakros dama yana cikin wasannin da aka yarda mutum ya sauya sau ɗaya ba tare da ya zauna shekara ba ya wasa ba, saɓanin ƙwallon kwando da ƙwallon Amurka da sai a 2021 suka samu wannan. Bayan wani alƙalin tarayya a jihar West Virginia ya dakatar da dokar da ke taƙaita sauyi na biyu a Disambar 2023, hukumar ta saki gaba ɗaya a Afrilun 2024: ka sauya sau nawa ka ga dama, muddin karatunka na tafiya daidai. Saboda haka rajistar ta riga korona, korona ce dai ta cika ta da kaya. Kasuwa na nan an kafa rumfuna, sai ga hajja ta sauka lokaci guda, kuma ba tarkace ba, manyan gwanaye masu digiri a hannu da shekara ɗaya ko biyu a aljihu.

Mafi yawan kaya masu tsada daga wuri ɗaya suka fito, wato rukunin jami'o'i takwas da ake kira Ivy League, su Harvard da Yale da Princeton da Cornell da Penn da Brown. Waɗannan makarantu suna da nasu ra'ayin riƙau: ba sa ba da tallafi don wasa, kuma ba sa barin ɗalibin digiri na biyu ya buga musu. Ka gama digirin farko, ka gama wasa a nan. A wasu wasannin wannan ba ya damun kowa, domin ba su ne kan gaba ba. A lakros kuwa suna cikin manya, Yale ce ma ta ɗauki kofin ƙasa a 2018. Da aka ba kowa shekara, sai suka ce su ba za su sauya al'adarsu ba. Ƙari a kan haka, a 2021 da sauran jami'o'i suka koma fili, su sun soke gasarsu ta wannan kaka ma. Sun yi sassauci sau ɗaya ga 'yan ajin ƙarshe na 2021 su buga a matsayin ɗaliban digiri na biyu, amma a dunƙule abin da ya faru shi ne 'yan wasansu sun tara shekaru biyu da ba za su iya kashewa a gida ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Michael Sowers na Princeton shi ne babban misali. A wasa biyar na 2020 ya tara maki 47, ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya bayar aka ci, Princeton ba ta yi rashin nasara ko sau ɗaya ba. Shekara mai zuwa sai ga shi cikin rigar Duke. TD Ierlan na Yale, wanda ba a taɓa yin kamarsa ba a kokawar tsakiyar fili, ya tafi Denver, inda ya tarar da abokin wasansa Jackson Morrill. Masu sharhi suka fara raba wa Duke kofi tun ba a fara ba. Sai Maryland ta lallasa ta 14 da 5 a wasan kusa da na ƙarshe, Denver kuwa a zagayen farko aka yi waje da ita. Wadda ta ɗauki kofin 2021 Virginia ce, da tsofaffin 'yan wasanta da suka ci a 2019, ta ƙara da Charlie Bertrand daga ƙaramar makarantar Merrimack. Darasin da kociyoyi suka ɗauka daga wannan shekara ba shi ne a guji kasuwa ba. Shi ne a san abin da za a saya.

Maryland ta nuna yadda ake yi a 2022. Tana da ginshiƙanta, ta duba inda ke yoyo ta toshe: Keegan Khan daga Villanova, Owen Murphy daga Johns Hopkins, Jonathan Donville daga Cornell. Ta buga wasa 18 ta ci 18. A wasan ƙarshe ta doke Cornell 9 da 7, Donville na fafatawa da mutanen da ya yi shekara huɗu yana cin abinci tare da su. A wannan shekarar ce kuma Rutgers, wadda ba ta taɓa kai wa zagayen kusa da na ƙarshe ba a gasar NCAA, ta kai, da tarin 'yan wasan da ta tsinto daga Penn da North Carolina da Lehigh har da Wesleyan ta rukuni na uku. A wannan zagayen da Cornell ta haɗu, mai tsaron ragarta Colin Kirst, wanda ya baro Lehigh, ya tsaya yana tare ƙwallayen ƙanensa CJ Kirst na Cornell. Ƙanen ne ya yi nasara a ranar.

Labarin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na Notre Dame. Kocinta Kevin Corrigan ya fi shekara talatin a kan kujerar ba tare da kofi ba, a 2022 ma ko gurbin shiga gasar ba a ba su ba. Sai ya ɗauko mutum biyu daga Yale, Chris Fake ɗan baya da Brian Tevlin ɗan tsakiya. Dukansu suna aji ɗaya a 2018 lokacin da Yale ta doke Duke ta ɗauki kofi. A 2023, shekararsu ta shida da shiga jami'a, Tevlin ne ya ci ƙwallon da ta kori Virginia a ƙarin lokaci, bayan kwana biyu kuma suka sake doke Duke 13 da 9. Yanzu ka tsaya ka auna. Yaron da ya shigo Notre Dame daga sakandare a wannan shekara yana da shekara 18 ko 19. Wanda yake neman ƙwace gurbinsa magidanci ne mai kusan 24, da ya buga wasan ƙarshe na ƙasa tun yaron bai fara gemu ba, ya kwashe shekara shida yana ɗaga ƙarfe a ɗakin motsa jiki na jami'a. A wasan da ake bangaje juna da kafaɗa ana dukan hannu da sanda, tazarar shekara biyar ba ƙaramin abu ba ce. Ko kai ne koci, wa za ka saka?

A ɓangaren mata ma haka abin yake, wataƙila ma ya fi fitowa fili. North Carolina ta gama 2022 da wasa 22 babu faɗuwa, amma a wasan kusa da na ƙarshe Northwestern ta yi mata nisa da ƙwallo bakwai a zangon ƙarshe. Suka zura takwas a jere suka ci 15 da 14, biyar daga ciki Sam Geiersbach ce ta ci, wadda ta zo daga Richmond don shekararta ta ƙarshe. Shekara mai zuwa Northwestern ta ɗauki kofi da mai tsaron raga Molly Laliberty, daga Tufts ta rukuni na uku, da 'yar gaba Hailey Rhatigan daga Mercer. A 2024 Boston College ta ɗauka da Rachel Clark daga Virginia da Emma LoPinto daga Florida.

Ka lura da sunayen makarantun da aka baro: Richmond, Mercer, Merrimack, Lehigh, Villanova, Tufts. Nan ne ciwon yake. Kocin ƙaramar makaranta ba ya samun yaran da kowa ke rububi. Sai ya je ya tono wanda manya suka raina, ya yi shekara uku ko huɗu yana gyara shi, ranar da ya nuna sai a kira shi daga sama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ƙwallon ƙafar Turai, idan babbar ƙungiya ta ɗauke ɗan wasa daga ƙarama, aƙalla tana ajiye kuɗi a kan tebur, ƙaramar ta je ta sayo wasu uku. A nan ko anini ba a biyan makarantar da ta rene shi. Gaskiya ne ruwan ba gangare ɗaya yake bi ba, domin wanda ya gaji da benci a Virginia ko Syracuse yakan sauko ƙaramar makaranta ya zama tauraro, kuma Rutgers ta nuna cewa matsakaiciya na iya hawa da wannan tsani. Amma musayar ba daidai take ba. Kai ka ba da gwaninka na ɗaya da aka gani aka tabbatar, a ba ka na talatin ɗin wani da ba a san abin da zai yi ba. Wata makarantar ma ba ta kai ga shiga kasuwar ba: Furman ta rufe ƙungiyar lakros ɗinta ta maza a watan Mayun 2020 don rage kashe kuɗi, 'yan wasanta suka watsu. Makarantun soja kuwa, Army da Navy, ɗalibinsu dole ya fita a shekara huɗu ya kama aiki, ba ruwansu da shekarar kyauta, ga shi suna karawa da masu ita.

Duk da haka ba zan ɗora wa ɗan wasan da ya tafi laifi ba. Mun ce wasan nan ba ya ciyar da mutum bayan jami'a. Abin da ɗan shekara ta biyar ke nema sau da yawa ba kofi ba ne kawai, digiri na biyu ne na shekara ɗaya a fannin kasuwanci daga makaranta mai suna, da sanin tsofaffin ɗalibanta da ke riƙe da ofisoshi a New York. Kuma kociyoyi tun fil azal suna barin yaran da suka yi wa alkawari su koma inda albashi ya fi tsoka, ba wanda ya ce su zauna shekara guda ba aiki. Kowa ya samu rana sai ya yi shanya.

Wanda ya fi kowa biyan kuɗin nan shi ne wanda ba ya wurin lokacin da aka yanke shawara: ɗan sakandare. Lakros ya yi ƙaurin suna da zawarcin yara ƙanana, har 'yan shekara 13 da 14 ake sa su ɗaukar alkawarin jami'a. Kociyoyin da kansu suka nemi a taka musu birki, a Afrilun 2017 NCAA ta hana duk wata tuntuɓa kafin ranar 1 ga Satumba ta shekarar da yaro ya shiga aji na biyun ƙarshe a sakandare. Ko da wannan gyara, koci na yin caca ne a kan ɗan shekara 16 da ba zai iso ba sai bayan shekara biyu, ba kuma zai yi amfani sosai ba sai bayan wasu biyun. Noma ne na shekara huɗu, ba ka san ko damina za ta yi kyau ba. Rajistar sauya sheƙa ta kawo masa hatsi a buhu: ga faifan wasanninsa hamsin da manya, ga sakamakon karatunsa, ga kocin da za ka kira ka tambayi halinsa. Kuma alkawarin kuɗin na shekara ɗaya ne, ba huɗu ba. Duk rubu'in tallafin da aka ware wa irin wannan, an cire shi ne daga rabon wani ɗan sakandare.

Abin ya haɗu da wata masifar. Daga Maris 2020 har ƙarshen Mayun 2021 an hana kociyoyin rukuni na ɗaya zuwa kallon yara ido da ido ko karɓar baƙuncinsu. Yaran da lokacin zawarcinsu ya faɗo a wannan tsakani da bidiyo aka auna su, ga guraben sun ragu. Manyan gwanaye ba su ji a jikinsu ba, su kullum ana nemansu. Na tsakiya ne suka sha, irin yaron da a da zai samu gurbi na tara ko na goma a ajin babbar makaranta. Wasu suka gangara rukuni na biyu ko na uku, suka ture na can. Masu hali kuwa suka sayi lokaci: a maimaita aji, ko a ƙara shekara guda a makarantar kwana mai tsada bayan gama sakandare, yaro ya shiga jami'a yana da 19 ko 20 da faɗin ƙirji. Wannan dabara ta daɗe a lakros, cunkoson ya ƙara mata kasuwa. Wasan da dama ake yi masa gorin na 'ya'yan masu kuɗi ne, sai ya ƙara tsada.

Wani ɗan abu da ke sosa ran masu son tarihi: littafin bajinta ya birkice. Lyle Thompson, ɗan al'ummar Onondaga, ya tara maki 400 a Albany cikin kaka huɗu daga 2012 zuwa 2015. Chris Gray, da ya baro Boston University zuwa North Carolina, ya wuce shi da maki ɗaya tak a 2022, 401, amma da kaka huɗu da guntuwar ta 2020. Mac O'Keefe na Penn State ya kafa tarihin yawan ƙwallaye, 221, a shekararsa ta biyar, Payton Cormier na Virginia ya karya shi a 2024. A mata Izzy Scane ta Northwestern ta kai 376 bayan shekara shida a makaranta, ɗaya ta korona ɗaya ta raunin gwiwa. Ba wanda ya yi maguɗi a cikinsu. Mudun ne dai ya canza ana tsaka da awo.

Da 2024 ta wuce, yawancin masu shekarar korona suka ƙare, aka zaci za a koma yadda ake. Sai ga wata dokar daga kotu. A ranar 6 ga Yuni 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun ƙarar da ake kira House, wadda 'yan wasa suka shigar a kan NCAA. Za a biya tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8, kuma kowace makaranta da ta shiga tsarin za ta iya raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko, wanda kaso mafi tsoka ƙwallon Amurka da kwando ne za su lashe. Abin da ya shafi lakros shi ne an soke iyakar 12.6 da 12, an maye gurbinta da iyakar kawuna ga makarantun da suka shiga tsarin: maza 48, mata 38. An yi wa waɗanda ke cikin ƙungiya a lokacin rangwame kada a ƙirga su, amma da sun gama shi ke nan. A takarda makaranta na iya ba duka 48 ɗin cikakken tallafi. A aikace kaɗan ne za su iya matsawa can, ga tsadar karatun, ga dokar 1972 da ta wajabta daidaita abin da ake kashe wa maza da mata.

A ganina wannan iyaka ce za ta dawwamar da ɗabi'ar da korona ta koya wa kociyoyi. A da koci na iya barin yaro a ƙarshen benci shekara uku, ba ya cin tallafi, yana taimakawa a atisaye, wataƙila ya buɗe a shekara ta huɗu. Yanzu kowace kujera a ƙirge take. Idan a watan Mayu wani gwani ya bayyana a rajista kuma kujeru 48 sun cika, sai an kira wani ofis an gaya masa gaskiya mai ɗaci. Koci yanzu zawarci uku yake yi lokaci guda: na 'yan sakandare a watan Satumba, na 'yan rajista da an gama kaka, da na 'yan wasansa da ke hannunsa, kada wani ya yi musu raɗa. Iyayen ɗan shekara 16 su ma tambayarsu ta canza. Ba wa ke gaban ɗana a wannan gurbi kaɗai ba, har da mutum nawa kuka ɗauko daga rajista a shekara ukun da suka wuce, kuma su wa suka zauna a benci dominsu.

Sai dai kakar 2025 ta zo da abin da ya hana a rufe maganar a nan. Cornell, ɗaya daga makarantun nan da ba sa ba da tallafin wasa, ba sa karɓar ɗalibin digiri na biyu, da suka ƙi shiga sabon tsarin rabon kuɗi, ita ce ta doke Maryland 13 da 10 ta ɗauki kofin maza, karo na farko tun 1977. Jagoranta shi ne CJ Kirst ɗin nan, wanda ya gama da ƙwallo 247 a kaka huɗu cif, ya shafe tarihin masu shekara biyar. Masu ƙyamar rajista suka yi ta murna, suna cewa ga shaida renon gida ya fi sayen kasuwa. Ni ban tafi da su har can ba. Ƙungiyar cike take da manya 'yan ajin ƙarshe da suka daɗe tare, wasunsu sun jinkirta karatu a lokacin annoba don kada kakarsu ta tafi a banza, kuma sun riga sun ɗanɗani wasan ƙarshe a 2022. Su ma da shekaru suka ci, sun dai tara su ne a gida. Kuma digirin Cornell da kansa igiya ce da ke ɗaure yaro har ya gama, igiyar da kocin Mercer ko na Merrimack ba shi da irinta. Yayyen CJ uku, Connor da Colin da Cole, dukansu sun sauya makaranta kafin su gama, biyu zuwa Rutgers ɗaya zuwa Syracuse. Shi ne bai motsa ba.